Tafiyar ƙafa ta yini ɗaya a bakin tabkin Madarunfa: kuɗin bai faɗi ba, sai dai masu shiryawa su gyara lokaci

Akwai wasu samari a nan Maraɗi da suka fara haɗa mutane ranar Lahadi su kai su yawon ƙafa bakin gulbi da tabkin Madarunfa, da zarar ruwa ya ɗauke. Ana biyan jika biyar, a ciki har da mota, abincin rana da ladan jagora. Na bi su a ƙarshen Oktoban nan, kuma tun da na dawo abokan aiki ke tambayata ko abin ya cancanci kuɗin. Ya cancanta. Amma abin da ya sa ya cancanta ba motar ba ce, ba kuma abincin ba, wani dattijo ne masunci da suka ɗauka ya yi mana ja-gaba.

Bari in fara da inda suka gaza, don in huta. An ce a hallara ƙarfe shida na safe. Mota ba ta tashi ba sai wajen takwas, ana jiran waɗanda suka biya amma ba su fito ba. Madarunfa ba nisa gare ta ba, sama da kilomita 20 kaɗan ne kudu da Maraɗi, ta wajen Jiratawa, to amma duk wanda ya san ranar Oktoba ya san awa biyun nan su ne zuciyar tafiyar. Damina ta wuce, hunturu bai iso ba, iska ta tsaya, ƙasa na fitar da gumi. Kafin mu kai rabin hanya wasu hajiyoyi sun nemi inuwar tsamiya sun ce su nan suka tsaya. Ruwan sha ma jarka biyu aka ɗauko wa jama'ar da ta cika mota, ya ƙare kafin azahar. Duk mai zuwa ya riƙo gorarsa.

Shi kuwa dattijon, kowa Baba yake ce masa. Ƙafarsa cikin takalmin roba, sanda a kafaɗa, ba ya sauri amma ba ya tsayawa. Mun sauka daga mota a gefen gonaki, ya ratsa da mu ta tsakanin karan geron da aka riga aka girbe, dammuna a jere ana jiran amalanke, mata na tsinkar wake, wasu na cirar gyaɗa. Wani saurayi ya yanke ta cikin gonar wake don ya taƙaita hanya, Baba ya tsaya cak.

"Ɗana, dawo ka bi bayana. Wannan abincin wani ne na shekara."

"Yi haƙuri, Baba."

Daga nan ba wanda ya sake fita daga turba. Na ji daɗin wannan fiye da yadda zan iya faɗi, domin mutanen birni in sun fita ƙauye da waya a hannu sukan manta gona na da mai ita.

A bakin gulbi ya zaunar da mu ya yi bayanin ruwan. Gulbin Maraɗi daga ƙasar Katsina yake tasowa, ya shigo Nijar, ya bi ta Madarunfa da Maraɗi da Tsibiri da Gidan Runji, sa'an nan ya koma Najeriya ya faɗa gulbin Rima. Ba ya gudu duk shekara, a kaka sai ka ga rairayi da ƴan kududdufai nan da can. Baba ya ce tun da aka yi madatsar ruwa ta Jibiya ruwan da ke isowa ya ragu, ba kamar zamanin ƙuruciyarsa ba. Ya kuma tuna mana cewa wannan gulbin da muke takawa a kan yashinsa shi ne ya ci tsohon garin Maraɗi a ambaliyar 1945, har aka tashi daga fadama aka hau tudu inda birnin yake yanzu. Yawancin samarin da ke tare da mu, haifaffun Maraɗi ne, ba su taɓa jin wannan ba.

Tabkin kansa a wannan lokaci yake cika ya batse, shi ya sa kaka ce lokacin zuwa. Ruwa ya shiga har gindin itatuwa, bado ya rufe gefe-gefe, balbela fari fat a kan rassa, kirinjijiya na tashi garke guda suna shewa. Gawo ya fara fitar da sabon ganye daidai lokacin da sauran itatuwa ke shirin zubar da nasu. Masunta na cikin kwalekwale suna jefa birgi, mata a gaɓa suna bandar tarwaɗa da karfasa. A shekarar 2019 aka sa tabkin cikin jerin dausayoyin duniya da yarjejeniyar Ramsar ke karewa, amma Baba bai damu da wannan suna ba. Abin da ke damunsa yashi ne. Ya nuna mana da sanda wurin da ya ce a da sai da jirgi ake ƙetarewa, yanzu an shuka dankali a kai. Duk damina ruwa na kwaso ƙasa daga gonakin da aka sare itatuwansu ya zube a tabki.

Sai maganar waliyyai. Mutanen Madarunfa na cewa kaburburan waliyyai 99 ne ke kewaye da tabkin, kuma ana zuwa ziyara daga nesa, har daga Najeriya. Ya kai mu wasu daga cikinsu, an kewaye su da ɗan gini. A nan na ga hankalin mutumin. A cikinmu akwai masu ziyara, akwai kuma waɗanda ba su yarda da ita ba, kun dai san Maraɗi. Bai ja kowa ba, bai yi wa kowa wa'azi ba. Ya ce mai son yin addu'a ga wuri, wanda ba ya so ga inuwa, a dai rage murya. Aka rabu lafiya.

Abincin rana dambu ne da zogale, da soyayyen kifin da aka saya nan take hannun matan gaɓa. Kifin ya yi daɗi ƙwarai, dambun ya sha rana a mota ya bushe. An shimfiɗa tabarmi, mata gefe maza gefe, aka yi sallar azahar cikin jam'i. Ba a tanadi wurin kewayawa ga mata ba, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne a tafiyar yini guda. Hajiyar da ke kusa da ni ta faɗa wa shugaban samarin a gaban kowa, ya ce za a duba.

Abu biyu da ya kamata su riƙa faɗi tun kafin a tashi. Na farko ƙarangiya: a kaka ta nuna, tana kama zane da safa da ƙafar wando, wanda ya zo da silifa da doguwar riga mai jan ƙasa ya sha wuya. Na biyu, kada a shiga ruwan. Ruwan kwance irin wannan gidan tsargiya ne, kuma na ga yara biyu daga cikin ayarinmu sun tsunduma har gwiwa kafin Baba ya daka musu tsawa. Masu shiryawa ba su ɗauko ko ɗan akwatin magani ba.

Wasu sun so a zarce kudu wajen dajin Baban Rafi, samarin suka ƙi, saboda halin tsaro a yankin iyaka. A nan na ba su gaskiya, kuma sun dawo da mu gida kafin magariba kamar yadda suka alkawarta.

Ga mai ƙarfin tafiyar awa uku zuwa huɗu a kan rairayi, ina ba da shawarar ya je, amma ya tambaya tukuna ko dattijon nan ne zai yi ja-gaba. Ƙananan yara da tsofaffi su jira Disamba, lokacin da sanyi ya sauka kuma tsuntsayen da ke zuwa daga Turai sun iso, ko da yake ruwan zai ɗan ja baya. Na gaya wa shugabansu cewa in za su tashi bayan sallar asuba, su bar duk wanda ya makara, su rubuta sunana da na ƙanena.