Karatun tarihin kisan taron dangi da aka tura mini a Gusau

Akwai wani shagon turi kusa da kasuwar Tudun Wada nan Gusau, inda yara ke cika memori da fina-finan Indiya masu fassara. Mai shagon yana da wani abu da ba ya tallarsa sai an tambaya: karatun murya kashi 6 da wani malamin tarihi ya yi da Hausa kan ɗaukar doka a hannu a Amurka. Naira 500 ya karɓa. Ni tela ne, in ƙafa tana kan keke kunne ba shi da aiki, don haka na saurare shi tas.

Malamin ya faro daga 1780, lokacin da wani Charles Lynch a Virginia yake sa a tsula wa magoya bayan Ingila bulala ba tare da kotu ba. A wancan zamani abin yakan tsaya a bulala. Bayan yaƙin basasa ya ƙare a 1865 an 'yanta bayi, sai ya koma rataya da ƙonawa, kuma baƙar fata aka fi sa wa gaba. Cibiyar Tuskegee, wata makarantar baƙar fata a Amurka, ta ƙirga mutum 4,743 da aka kashe haka tsakanin 1882 da 1968, a ciki 3,446 baƙaƙe ne.

Kashi na 3 shi kaɗai ya biya kuɗina. Labarin Ida B. Wells ne, 'yar jarida baƙar fata ta birnin Memphis. A 1892 aka kashe abokanta uku masu kanti, don kantinsu yana janye wa wani Bature masu ciniki. Ta bi diddigin kashe-kashen, ta nuna cewa zargin fyaɗe da ake fakewa da shi galibi ƙarya ne, aka je aka farfasa ofishin jaridarta. Duk mai sana'a a kasuwa ya san wannan irin hassada. Abin da ya sa na tsayar da keke shi ne jin cewa wani lokaci har sanarwa ake yi tun kafin ranar, jirgin ƙasa ya kwaso 'yan kallo, a ɗauki hoton gawa a sayar. Ashe ba fushin nan take ba ne, shiri ne, hukuma tana kallo. Ya kawo Emmett Till, yaro ɗan shekara 14 da aka kashe a Mississippi a 1955, da dokar tarayya mai sunansa ta hukunta irin wannan kisa, wadda sai a 2022 Shugaba Biden ya sa mata hannu, bayan ƙudurori kusan 200 sun mutu a majalisa.

Aibinsa: ƙarar janareta ta cinye rabin kashi na 4, kuma yana saurin faɗin sunayen Turawa kamar ana korarsa.

Babban ƙorafina kashi na ƙarshe ne. Ya dawo gida Najeriya, ya ambaci ɗalibai huɗu da aka kashe a Aluu ta jihar Ribas a 2012, ya daɗe a kan mafarauta 16 da aka kashe a Uromi a Maris 2025. Daidai ne. Amma bai ce uffan ba kan Fulanin da 'yan sa-kai suka riƙa kashewa a kasuwanninmu, ko mutum 8 da aka ƙona a Talata Mafara a 2016. Na ce wa mai shagon ya isar masa da wannan, ya yi dariya ya ce, "Baba, ni turi kawai nake yi."

Ku je da memori mai sarari, kuma ku sa abin kunne in akwai yara a kusa, don bayanin kashi na 2 ba na kunnensu ba ne.