Banɗaki ko gefen gado, wanne ya fi abin tsoro a ɗakin otal?

Maman yara da kika tambaya jiya, kin ce ke da kin shiga ɗakin otal banɗaki kike fara nufa ki wanke shi tas kafin hankalinki ya kwanta, wai shin hakan ya wadatar ko akwai inda kike bari? Gaskiya akwai, kuma inda kike barin nan ya fi damuna.

Banɗaki dai ba wanda zai ce miki tsaf yake, masai da sink suna ɗauke da ƙwayoyin cuta. To amma shi dattinsa a fili yake, shi ya sa duk mai shara nan take fara zuwa da bilic da burushi, tayil ne ko'ina yana wankuwa. Abu biyu nake kiyayewa a ciki. Ƙasa mai jiƙa, don a nan ake kwasar cutar nan da ke cin tsakanin yatsun ƙafa, kar ki shiga ba silifas. Sai shawa, musamman in ɗakin ya daɗe ba a kama shi ba, ki buɗe ruwan zafi ya zuba na ɗan mintoci ki fita ki ba shi wuri. Ruwan da ya kwanta a bututu wata ƙwayar cuta da ake kira Legionella na iya hayayyafa a ciki kuma ta feshin ruwan ake shaƙarta zuwa huhu, ai a wani otal a Filadelfiya ta Amurka aka fara gano cutar a 1976.

Yanzu dawo gefen gado. Rimot, makunnin fitilar gado, wayar ɗaki, hannun ƙofa. Duk wanda ya kwana a ɗakin ya taɓa su, mai mura, wanda ya fito banɗaki bai wanke hannu ba, kuma a ido fes suke shi ya sa ba kasafai ake bi ta kansu ba. A 2012 masu bincike daga jami'ar Houston sun ɗauki samfuri a ɗakunan otal, ɗakunan ba su da yawa, amma rimot da makunnin fitila sun fito cikin mafi datti, har da soso da mofa da ke kan keken masu shara, kin ga kenan daga ɗaki zuwa ɗaki ake yawo da abin. Ni ban ga laifin masu aikin ba wallahi, mutum ɗaya da ɗakuna sha wani abu a wuni, kowanne kamar rabin awa, ina za ta samu lokacin bin tsakanin maɓallan rimot? Na taɓa goge wani da tishu mai jiƙa, abin da ya fito daga gefen maɓallin ƙara murya launin toka ne mai danƙo, tun ranar ko dai in goge ko in zura shi a leda in dinga dannawa ta waje.

Zanin gado da rigar filo ana canzawa, amma bargon saman nan mai kauri ba kowane otal ke wanke shi bayan kowane baƙo ba, ni naɗe shi nake in ajiye gefe. Sannan kafin ki ɗora jaka a gado ki kunna fitilar waya ki ɗaga zanin ki duba ɗinkin katifa ta wajen kai, in kin ga ɗige-ɗige baƙaƙe kamar an ɗiga biro to kuɗin cizo ne, ki nemi a canza miki ɗaki. Ba a san shi da yaɗa cuta ba, amma in ya bi jakarki gida kin shiga uku, kuma ba ruwansa da tsadar otal.

Don haka in minti biyar kike da shi, ki ba rimot da makunni da hannun ƙofa huɗu, banɗaki ɗaya. Sanitaiza ki duba ya kai kashi 60 na alkohol, sai dai ba ya wani tasiri a kan norobairos mai sa amai da gudawa, wannan sai sabulu da ruwa na daƙiƙa 20, ke da yaran, kafin kowa ya kai hannu baki.