Sharhi kan zaman da na yi da mai ba da shawara game da rashin haihuwa a Yamai

Tun da aka ji ina zuwa wurin sikolog, wato mai ba da shawara kan damuwar zuciya, wasu ƴan'uwa mata ke jana gefe a gidan biki suna tambayata ko abin yana da amfani ga wadda haihuwa ta yi wa jinkiri, ko kuwa ɓarnar kuɗi ce irin ta ƴan boko. Yana da amfani, kuma da za a ce in sake biya, zan biya. Amma akwai inda wurin ya gaza, shi ma zan faɗa.

Ni mutuniyar Tawa ce, aure ya kawo ni Yamai, muna zaune a Bukoki. Shekarun aurenmu sun isa a ce yaro ya shiga lakkol, amma ko ɓari ban taɓa yi ba. Rubutu na sha, sassaƙe na sha, hayaƙi na yi, har aljani an ce ya aure ni. Likitar mata da ke dubana a wani kilinik mai zaman kansa ita ta lura na rame, ta tambaye ni ko ina samun barci. Da ta ji amsata sai ta ce a ƙarshen baranda akwai wata mata da aikinta shi ne sauraren irinmu, ana ganinta da randebu.

Ɗakin ƙarami ne, kujeru uku, fanka, da tebur da ba a ɗora komai a kai ba sai gorar ruwa. Matar dattijuwa ce, ba ta sa farar rigar likita, Tanti nake ce mata. Tana jin Hausa sosai, wannan kuwa ba ƙaramin abu ba ne, domin abin da ke cin zuciya ba ya fitowa daidai da Faransanci. Ta fara da cewa, "Ɗiyata, abin da kika faɗa a ɗakin nan a nan zai kwana. Ko likitarki ba za ta ji ba sai da yardarki." Sannan ta yi mini tambayar da ba wanda ya taɓa yi mini: "Ranar da kika ga jini, wa kike gaya wa?"

Ba kowa. Nakan wanke zanena da asuba kafin mutanen gidan haya su tashi, in shanya a bayan ɗaki inda ba mai gani, in fito in ɗora koko kamar ba abin da ya faru. Da na zo gaya mata haka sai kuka ya ƙwace mini. Ba ta ce in yi haƙuri ba. Ta zuba mini ruwa, ta tura kofin gabana, ta jira har na gama. Wadda ta shekara tana jin "ki yi haƙuri" daga kowane baki za ta gane darajar wannan shirun.

A zama na gaba ne ta shiga bayani, kuma na ji daɗin yadda ba ta raina hankalina ba. Ta ce likitoci suna kiran abin rashin haihuwa ne in ma'aurata sun yi wata 12 suna tare ba tare da maganin tsarin iyali ba, ciki bai shiga ba. Ta ce a 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da rahoto cewa kusan mutum 1 cikin 6 na baligai yana gamuwa da wannan a rayuwarsa, ƙasashen masu kuɗi da na talakawa kusan duk ɗaya. Na ce mata to a ina suke, ni kaɗai nake ganin kaina. Ta ce a Nijar muke, inda binciken 2012 ya nuna mace ɗaya tana haihuwar yara 7.6 a matsakaici, na 2021 kuma ya nuna 6.2. Inda kowace ƙofa ke da goyo, marasa goyo sai su shige ɗaka su ja labule, kowace tana zaton ita ɗaya ce.

Babban aikin da ta yi mini shi ne shigo da maigidana cikin maganar. Duk tsawon shekarun nan ni ake aunawa, ni ake ɗura wa magani, ni dangi ke kira juya a bayan idona. Shi ba wanda ya taɓa ce masa ya je asibiti, ni kuma kunya da tsoro sun hana ni. Tanti ba ta ce in je in tsare shi ba. Ta ce in gaya masa tana neman taimakonsa a kan lafiyata. Ya zo yana ɗaure da fuska, makullin babur a hannu, ya zauna a bakin kujera kamar mai jiran a kira salla ya tashi.

Ta gaishe shi da "Malam, sannu da ƙoƙari," ta tambaye shi yadda shi yake ji in abokansa a fada suka ce masa, "Har yanzu shiru?" Ya daɗe yana juya makullin nan kafin ya ce ya daina zama a fadar da dare saboda haka. Wallahi ban sani ba sai ranar. Daga nan ta yi masa bayanin cewa matsalar tana iya zama daga mace, tana iya zama daga namiji, tana iya zama daga su biyun, wani lokaci ma a auna kowa a rasa dalili. Ta ce ƙarfin namiji a shimfiɗa daban, lafiyar maniyyi daban, kuma abubuwa irin su hangum bayan balaga, ciwon sanyi da ba a yi wa magani ba, ko kumburin jijiyoyin maraina suna iya taɓa shi. Gwajin ba allura ba yanka, sai dai mutum ya ƙaurace wa iyali kwana 2 zuwa 7 kafin a yi, in kuma sakamako bai yi kyau ba akan sake bayan wani lokaci, tunda maniyyi yana ɗaukar kusan wata biyu da rabi kafin ya haɗu. Ya yi gwajin. Sakamakon sirrinsa ne, ba zan rubuta a nan ba. Nawa dai, hoton da ake ɗura ruwa a mahaifa ya nuna ɗaya daga hanyoyin ƙwai a toshe take, muna kan magani.

Maganar kishiya ma ta taso, don Inna ta daɗe tana matsa masa. Tanti ba ta ce ya ƙara aure ba, ba ta ce kada ya ƙara ba. Ta ce mu yi maganar mu biyu da bakinmu kafin wasu su yi mana ita. Da farko na ji haushi, na so ta tsaya a bayana. Daga baya na ga da ta yi haka da bai sake taka ɗakin ba.

Ban ga ta raba ni da addinina ba, yadda wasu ke tsoro. Ita ce ma ta tuna mini ayar Suratus Shura da Allah ya ce yana ba wanda ya so ɗiya mata, yana ba wanda ya so maza, yana sanya wanda ya so bakarare, da kuma cewa Nana A'isha ba ta haihu ba, darajarta ba ta ragu da komai ba. Ta kuma ba ni izinin da na kasa ba kaina: ba dole in je kowane suna ba. In raina ba zai ɗauka ba, in aika da barka da sabulu, in je gaisuwa bayan taro ya watse.

Inda suka gaza, na farko kuɗi. Jika goma kowane zama, a kan kuɗin ekografi da gwaje-gwaje da farmasi, ba kowane gida zai iya ba. Wata ƴar'uwata a Tawa mai irin damuwata, da na ba ta labari, ta ce ina ita ina tafiyar sama da kilomita 500 don a saurare ta. Tanti tana karɓar kiran waya, amma a gidan da suruka ke tsakar gida, wa zai yi kuka a waya? Da za a koya wa ungozomomin asibitocin unguwa ko kaɗan ne daga wannan aiki, da mata da yawa sun samu sauƙi kusa da gida.

Na biyu, kwana biyu kawai take zuwa a mako, randebu yakan yi nisa a daidai lokacin da mutum ya fi buƙata.

Na uku shi ya fi yi mini ciwo. Benci ɗaya muke jira da masu ciki da suka zo awo da masu jego da suka kawo jarirai rigakafi. Sai ki zauna ana miƙo miki jariri ki riƙe uwarsa ta gyara zane, ana tambayarki naki wata nawa. Mai kiran suna kuma takan ɗaga murya ta ce wadda ta zo wurin sikolog ta shiga, kowa ya juyo yana kallonki, don a wurin mutane da yawa mai taɓin hankali ne kaɗai ke zuwa can. Na kai kukana ga Tanti, ta ce ta isar wa masu kilinik ɗin. Ina roƙon su don Allah su sa kujera biyu a bakin ƙofarta, su kuma riƙa kiran mutum da lambar takardarsa kawai.