Hattara da masu tallan "asalin" maɗauran tsohuwar mandolin

Jama'a, duk mai neman maɗauran tsirkiya na tsohuwar mandolin (abin kiɗa mai tsirkiya, kamar ƙaramar jita) ya buɗe ido, 'yan damfara sun gano inda ke mana ƙaiƙayi. Da zarar ka sa cigiya cewa kana neman na mandolin ƙirar kamfanin Gibson ta shekarun 1910 ko farkon 1920, sai saƙo ya shigo daga wanda ba ka taɓa jin sunansa ba: wai shi ba shi da su, amma wani abokinsa yana da irinsu sak, ga adireshin imel. Abokin nan shi ne dai mutumin. Zai turo hotuna masu kyau, waɗanda ya kwaso daga tallan da wani ya yi tuntuni, ya ce akwai mai jira, ka hanzarta.

Abin da suke cin riba da shi shi ne wahalar samun kayan. Mandolin tsirkiya 8 gare ta, maɗauranta kuma huɗu-huɗu suke a kan farantin ƙarfe ɗaya, don haka dole sandunan nan huɗu su faɗa ramukan da ke kan katakon daidai. Na zamani, irin na kamfanonin Schaller, Gotoh da Grover, tazarar da ke tsakanin sanda da sanda kusan milimita 23 ce. Na tsofaffin Gibson da aka ƙera a garin Kalamazoo na Amurka kafin tsakiyar shekarun 1920 ta ɗan fi haka faɗi. Bambancin bai kai milimita ɗaya ba, amma daga sanda ta farko zuwa ta huɗu sai ya taru. Ka danna da ƙarfi, sandunan su karkace, murɗawa ta yi tauri, wani lokaci katakon ya tsage. Ga kuma zaman giya, wato ɗan faifan ƙarfe mai haƙora da ke juya sandar tsirkiya: a tsofaffin, sandar da ake murɗawa tana ƙasan giyar, a na yanzu da yawa tana sama. Mandolin masu zagayayyen baya na birnin Napoli a Italiya kuwa, irin na gidan Vinaccia da Calace, kusan kowace da nata awon.

To a nan ake kama ɓarawo. Wanda kayan ke hannunsa ba ya jin nauyin ɗora rula a kai. Ka ce ya auna daga tsakiyar sanda ta farko zuwa tsakiyar ta huɗu, ya ɗauki hoto da rular, da takarda mai sunanka da kwanan watan ranar a gefe. Ka ƙara da ɗan bidiyo yana murɗa kowane kunne. Ɗan damfara zai ce yana kan tafiya, ko kayan suna cikin kwali an riga an liƙe, ko ya amsa da "za su shiga kowace mandolin". Wannan maganar kaɗai ta isa, mai faɗinta bai taɓa kwance maɗauri ba.

Sai wajen biya. Zai nace a tura ta PayPal, hanyar biyan kuɗi ta intanet, a matsayin kyauta ga dangi da abokai, wai don a kauce wa caji, ko katin kyauta, ko kuɗin kirifto. Duk hanyoyi ne da ba a dawo da kuɗi. Idan ka biya a matsayin sayen kaya, PayPal na ba da kwana 180 na shigar da ƙorafi in kayan bai iso ba, shi ya sa ba ya so. Kar ka yarda da cinikin biri a sama.

Akwai masu wayon da suka fi waɗannan, su kam suna turo kaya. Sababbin maɗaurai ne aka jiƙa a sinadari suka yi tsatsa, ana sayar da su da sunan sanannun maɗauran da, irin su Handel ko tsohon Waverly. Dubi haƙoran giyar: ƙarfen da ya shekara ɗari yana aiki yana sulɓi a inda ake gogayya, dattin kuma yana lungu. Na bogi tsatsarsa ta bi ko'ina bai ɗaya, har inda hannu ke taɓawa kullum.

Ni a ganina ma, yawancin masu cigiyar nan ba sa buƙatar saye. Tsohon maɗauri da ya ƙi juyawa sau da yawa busasshen maiko ne ya daskare a ciki. Ka kai wa mai gyaran kayan kiɗa ya kwance, ya wanke, ya sa mai. In kuma ya mutu da gaske, kamfanin StewMac mai sayar da kayan gyaran abin kiɗa yana da sababbi a kan tsohon awon Gibson, ba sai an sake huda katako ba. Tsofaffin da ka cire ka adana su a akwatin mandolin ɗin, domin duk mai saye nan gaba zai tambaye su.