Yawan Maƙalu ko Yawan Ambato: Da Wanne Za a Auna Mai Binciken Epijenetik?

Idan kwamitin ƙarin girma a Jami'ar Ngaundere ko ta Marwa a Kamaru ya karɓi takardun malamin da ke nazarin epijenetik, wato yadda ake kunna ko kashe ƙwayoyin gado ba tare da sauya jerin DNA ba, ma'auni biyu ne ke gabansa: yawan maƙalun da ya buga, da yawan ambato, wato sau nawa wasu masu bincike suka ambaci maƙalunsa a nasu rubutun.

Ƙirga maƙalu shi ne mafi sauƙi, amma yana da sauƙin yaudara, domin mutum na iya yayyanka bincike ɗaya gida uku ya buga a mujallun da ke karɓar kuɗi ba tare da tantancewa ba.

Ƙirga ambato ya fi nauyi a ganina. Ma'aunin h da Jorge Hirsch ya gabatar a 2005 yana haɗa biyun: mai h 10 yana da maƙalu 10 da aka ambaci kowacce aƙalla sau 10. Sai dai ambato yana zuwa a makare. A 1975 ne Robin Holliday da John Pugh, da kuma Arthur Riggs a nasa ɓangaren, suka kawo hasashen cewa manna sinadarin metil a jikin DNA yana sarrafa aikin ƙwayoyin gado, kuma an ɗauki shekaru kafin gwaje-gwaje su mara musu baya. Ga kuma bambancin wuri: wanda ke jiran sinadarai daga Turai wata da watanni, ana ɗauke masa wuta firji na narkewa, ba zai tara ambato kamar na ɗakin binciken Amurka ba. Ya kamata kwamitin ya karanta maƙalunsa biyu ko uku mafi inganci kafin ya duba alƙaluma.