Turancin Baki ga Ɗaliban Gashin Ƙashi da Kimiyyar Wasanni: Wace Hanya Ta Cancanci Kuɗinka?

Ɗalibin fisiyo, wato gashin ƙashi, a Jami'ar Bayero ko Jami'ar Maiduguri da Turanci yake karatu tun ajin farko, da shi kuma yake rubuta jarrabawa. Amma ranar da aka tsayar da shi a bakin gado aka ce ya gabatar da majinyaci ga malamai, sai harshe ya sarƙe. Ba rashin ilimi ba ne. Yawancin marasa lafiyar da yake gani a asibitin ƙashi na Dala ko na Malam Aminu Kano da Hausa ake magana da su, don haka ido da hannu sun samu horo, baki bai samu ba.

Kafin ka biya ko sisi, ka tantance wane Turanci kake nema, domin iri uku ne. Akwai na gaban majinyaci ko ɗan wasa, mai sauƙi da gajerun jimloli: ba a ce wa mai targaɗe "flex your knee", sai dai "bend your knee". Akwai na gaban malamai da abokan aiki, inda ake son sunayen tsoka da jijiya daidai, a jere, cikin minti biyu ko uku. Sai na jarrabawar neman lasisin aiki a waje. Hanyar da ta dace da ɗaya ba lallai ta yi wa sauran amfani ba, kuma a nan yawancin kuɗi ke salwanta.

Ajin koyon Turanci na gama-gari, irin na yamma a cikin gari, yana da amfani ga wanda nahawunsa ke tangarɗa. Aibinsa yawan jama'a. Aji mai mutum talatin na awa ɗaya, ko da malamin bai ce uffan ba, minti bibbiyu kowa zai samu. Kuma hirar kasuwa da tasha za a koya maka, ba yadda ake tambayar mai ciwon baya ba. Idan kana iya karanta littattafan kwas ɗinka ba tare da ƙamus ba, ka wuce wannan matakin.

Manhajojin waya ma kada a ɗora musu abin da ba za su iya ba. Duolingo na masu farawa ne. ELSA Speak kuwa lafazi take gyarawa: kana faɗin kalma, ta nuna maka sautin da ka kuskure, sai dai da lafazin Amurka take auna ka. Ga Bahaushe tana da amfani a wurare sanannu. Hausa ba ta rarrabe "p" da "f", shi ya sa "pull" ke fita kamar "full", "pain" kuma ta koma wata kalma dabam. Sautin "th" yakan zama "s" ko "z", sai "thigh" ta zama "sigh". Muna kuma cusa wasali a tsakanin baƙaƙen da suka haɗu, kamar a "stretch" da "spine". Wanda ya fi haɗari shi ne "fifteen" da "fifty": ka ce ɗan wasa ya ɗaga kilo 15 ya ji 50, ka jawo masa rauni. Maganin wannan shi ne ka faɗi lambar, sannan ka maimaita ta ɗaya bayan ɗaya, "one five". Rajistar ELSA ta wata ɗaya ko biyu ta isa. Ta shekara ɓarna ce, domin manhaja ba ta katse ka da tambaya, ba ta jin tsoro, ba ta ƙin yin motsin da ka umarta.

Na kyauta kuwa, bidiyon Physiotutors a YouTube yana nuna gwaje-gwajen gaɓoɓi da bayanin baki, YouGlish kuma yana fito maka da mutane suna furta kalmar da ka rubuta, wanda zai raba ka da kuskure a irin su "psoas" da ba a furta harafin farkonta. Sharaɗin shi ne ka tsayar da bidiyon bayan kowace jimla ka maimaita da ƙarfi. Kallo kawai kunne yake gyarawa.

Hanyar da ta fi duka riba ba ta cin kuɗi: ku haɗu ku uku 'yan aji ɗaya, sau uku a mako, minti 45. Ɗaya ya zama likita, ɗaya majinyaci, na uku ya riƙe waya yana naɗar murya da takardar maki. A rubuta wa mai wasan majinyaci kati a ɓoye: shekarunsa, sana'arsa, inda ke ciwo, da abin da yake tsoro, misali ɗan ƙwallo da ya gurɗe a idon sawu yana son komawa fili kafin lokaci, ko dattijon da ɓarin jikinsa ya shanye ya yanke ƙauna da atisaye. Minti biyar na hira, minti biyar na sauraron abin da aka naɗa, minti biyar na sakewa, sannan a sauya matsayi. Mai maki ya duba abu huɗu: ko likitan ya gabatar da kansa ya nemi izini kafin taɓa jiki, ko ya fara da buɗaɗɗiyar tambaya, ko ya sa majinyaci ya auna ciwonsa daga 0 zuwa 10, ko kuma a ƙarshe ya sa shi ya maimaita atisayen gida da bakinsa. Mai wasan majinyaci ya riƙa amfani da kalmomin da Turawa ke kwatanta ciwo da su, irin "pins and needles" wato minjirya, ko "throbbing" wato zogi, domin ba kasafai darasin aji ke koyar da su ba. Ɗaliban wasanni su yi nasu da bayanin gudun mita 20 na gwajin juriya, ko ma'aunin gajiya na Borg mai tashi daga 6 zuwa 20, cikin umarni gajere da za a ji daga nesa a fili. Raunin wannan hanya ɗaya ne, amma babba: kuskuren da ku uku kuka yi tarayya a kai babu mai jin sa.

Wannan giɓin ne malamin intanet zai cike. A italki ko Preply ana biya awa-awa, kowane malami da farashinsa, kuma da kuɗin waje, saboda haka ka tabbatar katinka yana biya kafin ka sa rai. Ka fara da darasin gwaji. Ka tambaye shi ko ya taɓa koyar da ma'aikatan lafiya, ka ba shi katin majinyaci ya taka rawar. Idan shi ya cinye fiye da rabin lokacin da magana, ko bai ba ka gyara a rubuce ba, nemi wani. Awa ɗaya duk mako biyu, kana zuwa da muryar da kuka naɗa, ta fi awa uku na hirar da ba ta da alƙibla.

Saura jarrabawa. OET ta ma'aikatan lafiya ce, sana'o'i 12, har da fisiyo. Ɓangaren maganarta kusan minti 20 ne: wasan kwaikwayo biyu na kimanin minti biyar-biyar, da minti uku na shiri kafin kowanne. Ana duba fitar lafazi, gudun magana, dacewar kalmomi da nahawu, sannan ana duba yadda ka ƙulla alaƙa da majinyaci, ka fahimci damuwarsa, ka tsara hirar. A sakamakonta, matakin B yana farawa daga maki 350 cikin 500. IELTS kuma jarrabawar Turanci ce ta gama-gari, ɓangaren maganarta hira ce ta minti 11 zuwa 14 kan al'amuran yau da kullum, kashi uku, a na biyu a ba ka minti ɗaya ka shirya jawabin minti biyu. Hukumar HCPC ta Birtaniya, mai yi wa ma'aikatan fisiyo rajista, tana neman maki 7.0 na IELTS a jimla, ba tare da wani ɓangare ya gaza 6.5 ba. Kimiyyar wasanni ba ta cikin sana'o'in OET, don haka mai neman digiri na biyu a waje a wannan fanni IELTS ko TOEFL zai nufa.

Kwas ɗin OET yana gyara maganar asibiti ko da ba ka da niyyar fita, amma kwas ɗin IELTS dabarun jarrabawa ne zalla. Ita jarrabawar kanta kada ka yi gaggawar zama: galibin hukumomi shekara biyu suke karɓar sakamako, ɗalibin aji uku da ya rubuta yanzu zai ƙare makaranta, ya yi shekarar horon asibiti da bautar ƙasa, takardar ta riga ta mutu. Ka buɗe shafin hukumar ƙasar da kake nufi ka ga wace jarrabawa take karɓa a wannan shekarar, ka sauke samfurin katunan fisiyo da OET ke bayarwa kyauta a shafinta, ku yi aiki da su a zamanku na mutum uku. Duk cibiyar da ta yi maka alkawarin maki tun kafin ta ji muryarka, ko ta ce tana da tambayoyin da za su fito, ka riƙe kuɗinka.