Gargaɗi ga masu shirin Ironman: akwai mai sayar da ƙafafun keke na jabu a Instagram

'Yan uwa masu tseren keke, musamman waɗanda ke shirin gasar ninƙaya, keke da gudu, don Allah ku karanta wannan kafin ku tura wa kowa kuɗi.

Wata huɗu ke nan ina atisaye domin Ironman ta Afirka ta Kudu da ake yi a Gqeberha, wato tsohon Port Elizabeth. Wanda ya san gasar ya san nauyinta: ninƙaya kilomita 3.8, keke kilomita 180, sannan gudun fanfalaki kilomita 42.2. Garin kuma na bakin teku ne, ya yi suna wajen iska. Shi ya sa duk gwanin da na tambaya shawara ɗaya ya ba ni, in nemi ƙafafun kabon masu matsakaicin zurfi, wato tsayin bangon rim ɗin daga taya zuwa ciki ya zama milimita 50 zuwa 60. Irinsu suna yanka iska a shimfiɗaɗɗen titi, ba su da nauyi sosai a hawan tudu, kuma iskar gefe ba ta fizgar kan keken kamar yadda take yi wa mai zurfin milimita 80. Ƙafar baya da ake rufewa ruf kamar faifai kuwa, ko a gasar Ironman ta duniya da ake yi a Kona ta Hawaii an hana amfani da ita saboda iskar gefe.

Wannan shawarar gaskiya ce, kuma da ita mai sayarwar na Instagram ya kama ni. Ya iya maganar keke ƙwarai. Da na ce ina son mai zurfi, shi da kansa ya ce a'a ɗan uwa, ƙafar kamfanin Zipp samfurin 404 ce daidai da kai, milimita 58, za ta yi maka gasa ta yi maka atisaye. Wa zai zargi mai sayarwar da ya hana ka sayen abin da ya fi tsada? Ya ce wani ɗan tsere ne ya yi ritaya ya bar masa kayansa, kuɗin kuma bai kai rabin na sababbi ba. Ya nemi rabi kafin alƙalami, ya ce wani ma yana jira. Na tura. Bayan mako biyu ya ce kwastan sun riƙe kaya, sai an ƙara. Na ƙara, domin a lokacin na riga na shiga ciki.

Kayan sun iso, da tambari da komai, suna ƙyalli. Ranar da na fara gwada su a wata doguwar gangara, ina riƙe birki sai na ji warin ƙuna, keken kuma ya fara karkarwa duk lokacin da na matse. Na tsaya, na taɓa gefen rim ɗin gaba, na ji ya kumbura a wuri ɗaya.

Mai gyaran keken da na kai wa ya yi min bayanin da har yau idan na tuna gabana ke faɗuwa. Rim ɗin kabon zare ne da aka haɗa da danƙo. Birki yana goga shi, zafi yana taruwa, idan danƙon mai arha ne sai ya yi laushi, iskar cikin taya ta tura bangon rim ɗin waje, tayar ta fice. A ƙafar gaba, kana gudun kilomita 60 a awa, wannan magana ce ta rai. Kamfanonin asali sun kashe shekaru suna gwada danƙon da ke jure zafi, mai jabu kuwa tambari kawai ya kwaikwaya. Da ya cire tayoyin sai muka ga lambar siriyal ɗaya ce a ƙafar gaba da ta baya.

Na koma wa mutumin, ya toshe ni. Bayan kwanaki na ga hotunan nan dai, har da tayil ɗin ɗakin da aka ɗauke su, a wani sabon shafi da wani suna. Wata 'yar uwa da muke atisaye tare ta gaya min ita ma ta tura kafin alƙalami, ko kwali ba ta gani ba.

Idan za ku sayi na hannu, ku nemi rasit ɗin farko da lambar kowace ƙafa, ku kai wa dillalin da kamfanin ya amince da shi ya duba. Ku sa mai sayarwa ya kira ku ta bidiyo yana juya ƙafar a hannunsa. Na nemi haka sau biyu, ya ce min kayan suna sito, na yi shiru. Kada ku biya ko sisi sai mai gyaranku ya cire taya ya leƙa ciki.

Na kai ƙara wajen 'yan sanda da bankina, na kuma kai rahoton shafukan biyu. Ƙafafun suna nan a ɗakina, ba zan sayar wa kowa ba. Gasar kuwa da tsofaffin ƙafafuna na alminiyam zan shige ta, in Allah ya yarda.